Da tsohuwar zuma ake magani: Raya tsohuwar mota maimakon cin bashin sabuwa

 

Akwai wata tambaya da ta shiga gidajenmu da yawa a 'yan shekarun nan. Magidanci yana da motar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin da ƙerawa. Fenti ya koɗe, kujeru sun yage, tana shan baƙin mai, ga ƙara daga ƙasa duk sanda ta taka rami. Abokan aiki sun sauya nasu, yara sun fara jin nauyin a sauke su a ƙofar makaranta, dillali kuma ya riga ya nuna masa wata mai sheƙi a waya. Shin ya sayar ya ciwo bashi ya cika, ko ya gyara wadda Allah Ya ba shi?

Tambayar ta shafi aljihu, ta shafi rayukan iyali, ta kuma shafi addini ta fuskoki uku: almubazzaranci, riba da amana. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, ga mafi yawan gidajenmu a wannan zamani, gyara ya fi sauyi alheri, muddin an bi shi a kan tsari, an fara da abin da ke tsare rai, an bar ado ya zo daga ƙarshe.

Abin da ya sauya lissafi

Mafi yawan motocin da ke kan titunanmu ba a sayo su sababbi ba. Na hannu ne daga Turai da Amurka, waɗanda muke kira Beljiyom ko Kwatano ko tokumbo, kuma da dala ake sayo su, da lissafin dala ake biyan kuɗin kwastan. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusa da naira 460 a farashin gwamnati. Bayan sakin naira a watan Yuni na shekarar, ba a fita watan Fabrairun 2024 ba sai da ta haura naira 1,500. Kuɗin mota ya bi ta a guje. A ranar 29 ga Mayun 2023 kuma aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024.

Shi ma bashin ya yi tsada. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma abin da bankunan kasuwanci ke ɗora wa mai karɓar rance yakan wuce haka. Mu ƙaddara mutum ya ranci naira miliyan 10 a kan kashi 30 cikin ɗari a shekara. Ruwan shekarar farko kaɗai zai kusanci naira miliyan 3, uwar kuɗin tana nan tana jira. Wannan adadi ya isa a yi wa tsohuwar mota aikin da za ta ƙara shekaru tana hidima.

Sa'annan mu tuna cewa wadda ake kira sabuwa ɗin ma tsohuwar wani ce. Mutum zai rabu da motar da ya san ciwonta, ya karɓi wadda bai san tarihinta ba, watakila ambaliya ta taɓa shanye ta a can ƙasar da ta fito, watakila an mayar da ma'aunin tafiyarta baya. Sau da yawa wata uku ba ya cika sai a gan shi a garejin da ya yi zaton ya yi wa ban kwana.

Raya tsohuwar mota kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma har yau ana cin karo da Peugeot 504 tana ɗaukar kaya a hanyoyin karkara. Golf 3 da aka ƙera a shekarun 1990 tana nan tana jigilar fasinja tsakanin garuruwa. Abin da ya riƙe su shi ne kanikawa da kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas da Suame Magazine a Kumasi. Ilimin yana nan, kayan suna nan. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne tsari da gaskiya.

Mizanin shari'a

Musulunci bai hana mallakar abin hawa mai kyau ba. Aya ta 8 a Suratun Nahli ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna a cikin ni'imomin Allah, ta haɗa musu amfani biyu, hawa da ado. Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'adu bin Abi Waƙƙas cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa abin hawa mai daɗi a cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, ya kuma lissafa mummunan abin hawa a cikin abubuwan wahala. Wanda Allah Ya yalwata wa, ya sayi sabuwa da halalinsa ba tare da ya tauye haƙƙin kowa ba, babu zargi a kansa.

Inda gargaɗi ya shigo shi ne wajen wuce iyaka. Suratul A'arafi, aya ta 31, ta hana israfi. Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta yi kakkausan kashedi a kan almubazzaranci. Suratul Furƙani, aya ta 67, ta yabi masu tsayawa a tsakiya wajen ciyarwa. A hadisin Mugira bin Shu'uba da Bukhari da Muslim suka fitar, tozarta dukiya yana cikin abubuwan da Allah Ya ƙi mana. Tozartawar kuwa fuska biyu gare ta. Wanda ya yar da mota mai sauran ƙarfi domin maƙwabci ya sauya tasa ya tozarta dukiya. Wanda ya ƙi sauya baƙin mai har inji ya buga, shi ma ya tozarta. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan gyara takalminsa, ya ɗinke tufarsa da hannunsa. Gyara abin da ake da shi ɗabi'a ce ta mafificin halitta, ba alamar gazawa ba ce da za a ji kunyarta.

Batun riba ya fi wannan nauyi, kuma ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara ba su bar wata kafa ba. Gaskiya ne akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus da suka biyo baya, waɗanda ke sayar da mota ta hanyar murabaha: banki ya mallaki motar tukuna, sa'annan ya sayar wa mutum a kan sananniyar riba da sanannen lokaci. Wannan ƙofa ce halattacciya idan sharuɗɗanta sun cika. Amma halaccinta bai fitar da ita daga zama bashi ba. Bukhari ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Magidanci ya tambayi kansa: idan albashi ya makara wata biyu, ko kasuwa ta tsaya, wa zai biya? Kuɗin makarantar yara ne zai tafi, ko na cefane?

A fara da bincike

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da abin da ido ke gani. Mutum ya sami kuɗi, ya kai mota wurin masu fenti, ta fito tana walƙiya, bayan mako biyu giya ta ƙi shiga. Matakin farko shi ne a biya ƙwararren bakanike ladan bincike kawai, ba tare da ya kwance komai ba, ya rubuto abin da ya gani.

Abubuwa huɗu ake son sani. Na farko, lafiyar shasi da ƙasan mota: a ɗaga ta a duba ko tsatsa ta ci wuraren da ƙafafu ke ɗaure, ko an taɓa yanke ta an yi walda. Na biyu, ƙarfin inji, wanda ake aunawa da ma'aunin matsin silinda, a ga ko silindodin sun yi kusa da juna a ƙarfi. Na uku, lafiyar giya. Na huɗu, abin da kwamfutar motar ke faɗa. Duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da mashigar da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, na Turai masu amfani da fetur kuma tun daga 2001. Wannan na'ura tana rage aikin lalube, inda ake sauya abu uku masu lafiya kafin a dace da mai ciwon.

Idan shasi lafiya yake, inji da giya kuma suna da sauran rai, to sauran duk abubuwa ne da dama an ƙera su domin a riƙa sauya su. Sai a raba aikin gida uku bisa muhimmanci, a bi su gwargwadon hali.

Abin da ke tsare rai

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara. Tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. A zamanta na takwas da aka yi a Brunei a 1993, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai fa abin da ya fi ƙarfinsa wanda ba shi da ikon kauce masa. Birkin da mutum ya san ya lalace ya ƙi gyarawa ba ya shiga cikin abin da ya fi ƙarfi. Hukuncin kisan kuskure kuwa yana nan a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, da diyya da kaffara. Tirmizi ya ruwaito cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'annan ya yi tawakkali. Ɗaure raƙumin mai mota shi ne duba birki da taya kafin ya karanta addu'ar hawa.

A wajen birki, a duba takalman birki da faifansu da bututun mai. Man birki yana tsotsar laima daga iska a hankali, kuma idan ruwa ya yi yawa a cikinsa yakan tafasa lokacin da aka daɗe ana taka birki a gangara, sai ƙafa ta nutse ba tare da mota ta tsaya ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a sauya shi duk shekara biyu, ko da bai ragu ba.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. A gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwaltarmu kuma yana gaggauta hakan. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a riƙa duba ta kowace shekara idan ta kai shekara biyar, kada kuma ta wuce goma ko yaya ta yi kyau a ido. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6. Yawancin tayoyin gwanjo sun riga sun cinye rabin rayuwarsu kafin su iso, araha kuwa ba ta ado. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi. A nuna wa mai faci wannan adadi, kada a bar shi ya auna da bugun ƙafa.

Sai ƙafafun mota da sitiyari: shokozoba, bol-join, tairod da bushin. Su ne ke riƙe taya a kan hanya. Idan sun saki, mota takan ja gefe, taya ta riƙa cinyewa ta ɓari ɗaya, tazarar tsayawa ta ƙaru. Sauya su, tare da daidaita ƙafafu a na'ura, shi ne aikin da ya fi sa tsohuwar mota ta koma kamar wata daban a hannun direba. Fitilun gaba da suka yi hazo ana iya goge su su washe, a kuma saita su kada su kashe wa mai tahowa ido, domin cutar da mai wucewa ma zunubi ne. A gyara bel ɗin kowace kujera, har da na baya inda yara ke zama.

Masu motocin Amurka na shekarun 2000 zuwa farkon 2010 su kula da wani abu. An yi kiranyen miliyoyin motoci, ciki har da Honda da Toyota, saboda jakar iska ƙirar kamfanin Takata, wadda sinadarinta ke lalacewa da zafi da laima har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Ana iya saka lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka a ga ko motar tana cikin waɗanda ba a gyara ba.

Inji da abin da ke kashe shi

Zafi da datti su ne manyan maƙiyan inji. An ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90 na ma'aunin Salshiyos, kuma akwai wani ɗan bawul mai suna tamosta da ke tsare wannan zafi. Al'ada ta yaɗu a garejinmu ta cire shi, a kuma jona fanka kai tsaye, wai ƙasarmu akwai zafi. Sakamakon shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta riƙa ƙara masa mai, ƙarafan ciki su riƙa cin juna. Ainihin abin da ya sa motar ke zafi kuma yana nan a ɓoye: lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya saki, ko gaskit ya ƙone. A nemo wannan a gyara, a mayar da tamosta wurinsa. A daina zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, domin yana barin gishiri da tsatsa. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma ya fi jure zafi kafin ya tafasa.

Baƙin mai yana da kauri iri-iri, kuma littafin mota ya faɗi wanda ya dace. Injin da aka ƙera domin 5W-30 ba lallai ya ji daɗin 20W-50 ba don kawai shi ne a kusa. A irin ƙurarmu da cunkoson biranenmu, sauya mai na gama-gari da matatarsa a wajen kowace kilomita 5,000 ya fi aminci. Matatar iska kuwa a riƙa duba ta sosai a lokacin hunturu. Idan injin mai taimin bel ne na roba, a sauya shi a kan adadin da kamfani ya faɗa, wanda yakan kasance a wajen kilomita 100,000, domin a injuna da yawa tsinkewarsa tana sa fistan ya daki bawul, aikin dubbai ya koma na ɗaruruwan dubbai. Man giya ma kowace da irin nata, musamman mai sauya kanta.

Fitilar gargaɗin inji idan ta kama, a kai a karanta, kada a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. Sau da yawa filogi ne ya gaji, ko na'urar auna iskar salansa, ko nozul ya toshe, kuma kowannensu yana ƙara shan mai. Mu ɗauki misali: motar da ya kamata ta sha lita 10 a kilomita 100, ta koma shan 13. Idan tana yin kilomita 15,000 a shekara, lita 450 ke nan ta tafi a banza. A lissafa wannan da farashin yau, a ga ko sakaci ya fi gyara araha.

Idan inji ya gaji ƙwarai, zaɓi biyu ne: a kwance shi a sa sabon ringi da sauran kayan ciki, ko a sayi na Beljiyom. Wanda ya zaɓi na biyu ya nemi a rubuta masa wa'adin gwaji a rasit, ya tabbatar da asalin injin domin sayen kayan sata haramun ne, ya kuma gyara lambar inji a takardun mota.

Ƙarin inganci da ado

Bayan rai da inji, sai abin da ke ƙara amfani. Tun 2023 gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, wadda ta fi fetur araha. Mai yawan tafiya zai iya amfana, amma da sharuɗɗa. Ya fara tabbatar da akwai gidan sayar da gas ɗin a garinsu da hanyoyin da yake bi. Ya sani tukunyar za ta cinye wani sashe na but. Mafi muhimmanci, wannan gas ana matse shi har kimanin ba 200, ninki da yawa a kan na girki, don haka tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda a gefen titi ba ta ɗaukarsa. A watan Oktoban 2024 wata mota mai irin wannan jabun tukunya ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin, mutane suka jikkata. A je cibiyar da hukuma ta amince da ita kawai.

Akwai ƙananan abubuwa masu babban amfani: kyamarar baya, wadda ke kare ƙananan yara a tsakar gida, na'urar amsa waya ba tare da riƙe ta ba, gyaran iyakwandishan, sababbin robobin ƙofa masu hana ƙura da ƙara. A bai wa ƙwararren mai waya aikin, a sa wa kowane ƙari fiyus ɗinsa, domin yawancin gobarar mota daga wayar da aka murɗa da hannu ko bututun mai da ke yoyo take tashi. Daga nan sai ɗinkin kujeru, bugun bodi da fenti. Ado halal ne, kuma mota mai tsafta tana ƙara wa iyali kima. Matsayinsa dai shi ne na ƙarshe a layi.

Ba dole a yi komai a wata ɗaya ba. Maigida da uwargida su zauna su tsara: wannan wata birki da taya, wata mai zuwa ƙafafu, bayan salla lagireto. A ware wani abu kowane wata, ko a shiga adashi domin haka. Motar hawa ba ta da zakka, ƙiyasi a kan dokin hawa, amma kuɗin da aka tara domin gyara ko saye ana haɗa shi da sauran ajiya, idan ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, ya kuma shekara, zakka ta wajaba. Ɗalibai da samarin gida kuwa, su koyi duba mai da ruwa da iska da sauya taya, su kuma sassauta wa iyaye. Matsin lambar da ɗa ke yi domin a sauya mota yakan jefa uba cikin bashin da zai hana shi barci shekaru.

Tsakaninmu da bakanike

Duk wannan tsari yana tsayawa ne a kan mutum ɗaya, wanda za a miƙa wa makulli. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan lamunin masu sana'a, kuma mas'alar tana cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu: mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya keɓanta da su, shi ke ɗaukar asarar abin da ya salwanta a hannunsa, sai idan hujja ta tabbatar ba da sakacinsa ba ne. An yi haka ne domin tsare dukiyar jama'a. Bakaniken da ya bar yaransa suka fita yawo da motar mutane suka buga ta, ya san hukuncinsa. Wanda ya sa tsohon kaya ya karɓi kuɗin sabo, ko ya zuƙe mai, ko ya fasa salansa ya cire abin da suke kira indomi ya sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, ya ci amana, ya kuma bar mai mota da hayaƙi mai cutar da jama'a.

Mai mota ma akwai nasa. Ijara ba ta inganta sai an san aiki an san lada, don haka a yi ciniki kafin a kwance ƙusa ɗaya, a rubuta, a daina cewa "yi kawai, ma daidaita", domin daga nan rigima ke farawa. A nemi a dawo da tsofaffin kayan da aka cire. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma bakanike na gari ba ya jin haushin wannan. Idan ya gama, a biya shi a kan lokaci, kada a riƙa yi masa gobe-jibi alhali ana da hali. Wanda ya matse ladan bakanike har ya rasa riba, shi ya buɗe masa ƙofar ha'inci.

Lokacin rabuwa

Ƙana'a ba ta nufin a rungumi abin da zai halaka mutum. Idan tsatsa ta cinye shasi, ko haɗari ya karya shi an miƙe da wuta, ko ruwa ya shiga wayoyi da kwamfuta har ciwo ya ƙi ƙarewa, ko kayan gyaranta sun ɓace a kasuwa, to zuba mata kuɗi shi ne almubazzarancin. Haka idan iyali sun yi yawa har ana cusa yara fiye da kujeru. Ma'auni mai sauƙi shi ne a tara abin da aka kashe a gyara cikin shekara, a kwatanta da abin da sauyi zai ci a shekara, a kuma duba ko ciwo ɗaya ne ke ta dawowa.

Idan rabuwar ta zo, sai jarrabawa ta ƙarshe. Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa, ya barranta daga mai algus. A hadisin Uƙuba bin Amir da Ibn Majah ya fitar, bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. Zuba mai mai kauri domin a ɓoye hayaƙi, mayar da ma'aunin tafiya baya, shafe tsagewar shasi da fenti, goge gargaɗin kwamfuta ana gobe ciniki, duk algus ne, kuma shari'a ta bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye. Cewar dillali "yadda ka gan ta" ba ta wanke wanda ya san aibi ya yi shiru. A faɗi gaskiya, a karɓi abin da ya samu. Idan kuwa motar ta zama haɗari ga duk wanda zai hau, a sayar wa masu kwance kaya da sunan kwance, kada a miƙa wa wani magidanci ya zuba 'ya'yansa a ciki.

Allah Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya wadata mu da halal, Ya raba mu da nauyin bashi, Ya kuma kai mu gidajenmu lafiya a duk inda muka nufa. Amin.